Kama da Wane Ba Ta Wane: Shaidar Ƙasusuwa a Kan Yadda Dabbar Wel Ta Fara Iyo

Gabatarwa

A hamadar yammacin Masar, cikin lardin Fayum, akwai wani kwari da ake kira Wadi al-Hitan, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin wuraren gadon duniya a 2005. A yau babu komai a wurin sai yashi da duwatsun da iska ta sassaƙe. Amma a cikin yashin akwai ɗaruruwan ƙwarangwal na dabbar teku da ake kira wel, waɗanda suka kwanta a nan tun kimanin shekara miliyan 40 da suka shige, lokacin da teku ke lulluɓe da yankin. A nan ne ayarin Philip Gingerich na Jami'ar Michigan ya tono ƙafafun baya na wata wel mai suna Basilosaurus, aka wallafa rahoton a 1990. Tsawon dabbar ya kai mita 15, ƙafar kuwa ba ta cika mita ɗaya ba, duk da haka tana da cinya da gwiwa da idon sawu da yatsu. Ƙafa ce da ba za ta ɗauki mai ita ko taku ɗaya a tudu ba.

Tun daga lokacin an ci gaba da tono irin waɗannan ƙasusuwa da suka daskare suka zama dutse, a Pakistan da Indiya da Masar da Amurka da Peru. Littattafan kimiyya da shafukan intanet sun taƙaita labarin a zane guda: dabbobi biyar ko shida a jere, ta farko mai kama da kare, ta ƙarshe wel, kowacce kamar ita ta haifi mai bi mata. Ra'ayin wannan maƙala shi ne shaidar ƙasusuwan tana da ƙarfi ƙwarai, amma wannan zane mai kama da tsani yana rage mata ƙarfi. Wanda zai koyar da batun ko ya yi rubutu a kansa yana bukatar ya rarrabe abubuwa uku: abin da ƙashi ya nuna kai tsaye, abin da masana suka ciro ta hanyar ƙiyasi, da abin da mai zane ya cike da tunaninsa.

Kifi ko Dabba

Mutane da yawa kan ce "kifin wel", kuma idan aka bi ido ba su yi laifi ba, domin ga jiki mai sulɓi, ba wuya a bayyane, ba ƙafa, rayuwa kuma kacokan a ruwa. Sai dai wel da huhu take numfashi, haihuwa take yi, tana shayar da ɗanta, jininta kuma mai ɗumi ne. Akwai kuma wani bambanci da ya fi waɗannan kusa da batun iyo. Wutsiyar kifi a tsaye take, yana kaɗa ta hagu da dama. Wutsiyar wel a kwance take, tana buga ta sama da ƙasa. Duk wanda ya taɓa kallon karen farauta ya biyo zomo ya ga tushen wannan motsi, domin gadon bayan karen lanƙwashewa yake yi yana miƙewa, sama da ƙasa, a kowane tsalle. Ƙadangare da kada suna karkaɗa jiki gefe da gefe ne kamar kifi. Dabbobi masu shayarwa su ne masu lanƙwasa baya sama da ƙasa wajen gudu, kuma da irin wannan baya kakannin wel suka shiga ruwa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Irin wannan hujja ba baƙuwa ba ce ga masu nazarin harshe. Hausa cike take da kalmomin Larabci, amma ba a kafa mata asali a kan "littafi" da "alƙalami", tunda aro ne da cuɗanya ta kawo. Abin da ya zaunar da ita cikin harsunan Cadi, tare da Bolanci da Bade da Ngizim, abubuwa ne da ba a cika ara ba, kamar wakilan suna da kalmomin tushe da daidaiton sautuka. Siffar kifi da wel ke da ita tamkar kalmar aro ce: ruwa ne ke tilasta ta a kan duk halittar da ke son sauri a cikinsa. Abin gado yana ɓoye a wuraren da ido ba ya fara sauka, wato cikin kunne da idon sawu.

Kunne da Idon Sawu

An daɗe ana hasashen daga wace dabbar tudu wel ta fito. A bugun farko na littafinsa na 1859, Darwin ya kawo misalin wata dabbar daji ta Amurka ta Arewa da aka gani tana iyo baki buɗe tana kama ƙwari, ya ce irinta kan iya rikiɗa a hankali zuwa wani abu mai kama da wel. An yi masa ba'a, ya kuma rage zancen a bugun da suka biyo baya. Ba shi da ƙashin da zai nuna. A 1966 Leigh Van Valen ya danganta wel da wasu dabbobi masu kofato amma masu cin nama, waɗanda suka ƙare tuntuni, saboda kamannin haƙora. Wannan ra'ayi ya yi rinjaye fiye da shekara talatin.

A 1981 Gingerich da Donald Russell suka bayyana wani ɓangaren ƙoƙon kai daga arewacin Pakistan, mai kimanin shekara miliyan 50, suka raɗa masa Pakicetus. Abin da ya sa suka kira shi wel shi ne ƙashin da ke kewaye da tsakiyar kunne, wanda ke da wani kauri na musamman a gefe ɗaya. A lokacin ba a san wata dabba da ke da wannan alama ba sai wel. An kuma same shi ne a cikin laka irin ta kogi, a bakin tsohon Tekun Tetis da ya raba Indiya da sauran Asiya kafin su haɗe.

A shekarun 1990 masu nazarin ƙwayoyin gado suka zo da wata magana da ta saɓa wa ta masana ƙashi. Suka ce dabbar da ta fi kusa da wel a cikin masu rai ita ce dorina, ke nan wel tana cikin dangin shanu da awaki da raƙuma da barewa. Masana ƙashi da dama suka ƙi yarda, suka ce haƙora ba su nuna haka ba. Abin da zai raba gardamar ƙashi ne guda a idon sawu, wanda a wannan dangi kaɗai yake da kwari a sama da kwari a ƙasa, inda ƙasusuwan ƙafa ke zamewa gaba da baya lokacin gudu. A watan Satumba na 2001 ayari biyu da ba tare suke aiki ba, na Gingerich da na Hans Thewissen, suka wallafa rahotannin sababbin ƙwarangwal daga Pakistan. Idon sawun Rodhocetus da Artiocetus da Pakicetus duka mai kwari biyu ne. Gingerich, wanda ya daɗe a kan ra'ayin Van Valen, ya sauka daga kansa. Shaida biyu da ba su san juna ba, ɗaya daga jinin dabba mai rai, ɗaya daga dutse, sun faɗi magana guda.

Yadda Iyon Ya Sauya

Sanin dangi bai amsa tambayar iyo ba. Wannan sai an duba ƙafa da ƙugu da gadon baya da wutsiya, a kwatanta su da na dabbobin da ke iyo a yau. Frank Fish, masanin motsin dabbobi a ruwa, ya tsara hanyoyin iyon masu shayarwa daga mafi tsada zuwa mafi sauƙi ga jiki. Na farko shi ne tuƙi da ƙafa huɗu irin na kare. Sai tuƙi da ƙafafun baya kaɗai. Sai lanƙwasa baya yana tura ƙafafu ko wutsiya, kamar yadda karen ruwa ke yi. Na ƙarshe shi ne bugun faffaɗar wutsiya. Dalilin wannan jeri ba ɓoyayye ba ne ga mai tuƙa kwalekwale: filafili yana tura ruwa ne a bugu ɗaya, dawo da shi gaba kuwa aiki ne da ba ya ƙara tafiya. Faffaɗar wutsiya tana tura dabba gaba a hawa da sauka duka.

Matakin farko bai ma kai iyo ba. A 2007 Thewissen da abokan aikinsa suka bayyana Indohyus, wata ƙaramar dabba mai kofato daga Kashmir da ba ta fi kyanwa girma sosai ba, daga duwatsun da masanin ƙasa ɗan Indiya A. Ranga Rao ya tara shekaru da dama kafin nan. Tana da kaurin kunne irin na wel. Ƙasusuwan ƙafarta kuma masu kaurin bango ne, kamar na dorina, wadda nauyin ƙashinta ke taimaka mata ta taka ƙasan kogi ba tare da ruwa ya ɗaga ta ba. An ga irin wannan kauri a ƙafafun Pakicetus. Ke nan waɗannan dabbobi masu shiga ruwa ne su yi tafiya a cikinsa, ƙafa a ƙasa.

Sai Ambulocetus, wadda Thewissen da Taseer Hussain da Muhammad Arif suka bayyana a 1994, mai kimanin shekara miliyan 48. Tsawonta kusan mita 3, da dogon baki kamar na kada, da gajerun ƙafafu masu ƙarfi, da tafin sawun baya mai girman gaske. Ƙugunta yana manne da gadon baya, wutsiyarta kuma ba ta da alamar faɗi a ƙarshe. Daga nan masana suka yi ƙiyasin cewa da ƙafafun baya take tura ruwa, baya yana lanƙwashewa sama da ƙasa yana ƙara musu ƙarfi. Nau'in oksijin da ke daskare a haƙoranta ya nuna ba ta rabu da ruwan daɗi ba, ko da yake a lakar gaɓar teku aka same ta.

Rukunin da ya biyo baya, wanda Rodhocetus da Maiacetus ke ciki, ya rayu kimanin shekara miliyan 47 da suka wuce, kuma shi ne ya shiga teku sosai. Yatsun ƙafarsu dogaye ne, abin da ke nuna akwai fata a tsakaninsu kamar ta agwagwa. A 2009 aka bayyana ƙwarangwal ɗin wata macen Maiacetus da ƙaramin ƙwarangwal a cikinta, kansa yana fuskantar mafita. Dabbobin tudu da kai suke fara fitowa, 'ya'yan wel na yau kuwa galibi da wutsiya, don haka Gingerich ya fassara abin da cewa a tudu take haihuwa. Wasu masana sun ja da wannan fassara. Abin da ba a ja da shi ba shi ne nisan da wannan rukuni ya ci da ƙafa huɗu. A 2019 Olivier Lambert da abokan aikinsa suka bayyana Peregocetus daga gaɓar Peru, mai shekara miliyan 42.6, da ƙugu manne da baya da alamun ƙananan kofatai a kan yatsu. Dabbar da danginta suka faro daga kudancin Asiya ta isa bakin Tekun Pasifik tun ba ta da faffaɗar wutsiya.

Sauyin da ya fi muhimmanci ya faru ne a ƙugu. Muddin ƙugu yana manne da gadon baya, ƙafa za ta iya ɗaukar jiki a tudu, amma bayan ba zai yi laushi tun daga ƙirji har wutsiya ba. A Georgiacetus ta kudancin Amurka, mai kimanin shekara miliyan 40, ƙugun ya rabu da baya, ga shi kuma wutsiyar ba ta yi faɗi ba tukuna. Aegicetus ta Masar, wadda aka bayyana a 2019, ita ma ƙugunta a sake yake, ƙafafun baya sun ragu, gaɓoɓin tsakiyar baya sun ƙara tsawo. A Dorudon, mai tsawon kusan mita 5, wadda ƙwarangwal ɗinta ke kwance kusa da na Basilosaurus a Wadi al-Hitan, gaɓoɓin ƙarshen wutsiya sun baje, kuma akwai wata gaɓa mai kama da ƙwallo a daidai inda faffaɗar wutsiya ke lanƙwasa a jikin wel ta yau. Naman wutsiyar bai tsira a dutse ba, amma mazauninsa ya tsira. Daga tafiya a ƙasan kogi zuwa wannan mataki an ɗauki kimanin shekara miliyan 10. Har yau wel tana ɗauke da guntun ƙashin ƙugu a cikin tsokarta, ɗan tayin dolfin kuma yana fitar da tsiron ƙafafun baya a makonnin farko kafin su shanye.

Inda Mai Zane Ya Riga Ƙashi

Matsalar zanen tsani ta farko ita ce yana nuna dangi a matsayin iyaye. Ƙasusuwan Indohyus da aka samu ba su girmi na Pakicetus ba, saboda haka ba za ta zama kakarta ba. Aegicetus, mai ƙafa babba, ta rayu kimanin shekara miliyan 35 da suka wuce, bayan wel masu faffaɗar wutsiya sun riga sun bayyana. Akwai kuma rassan da suka bi tasu hanya suka ƙare ba magaji, kamar Kutchicetus ta yammacin Indiya, ƙarama mai doguwar wutsiya da siririn baki. Masanin harshe ba ya cewa Hausa daga Bade ta fito don ya ga Bade ta riƙe wata tsohuwar siffa da Hausa ta yar. Cewa yake yi 'yan'uwa ne, ɗaya ta adana abin da ke haska yadda uwarsu take. Haka Ambulocetus take ga wel. Tana nuna cewa an yi dabba mai kunnen wel da ƙafar tuƙi a daidai zamanin da ake sa ran samunta. Ba wanda ya isa ya rantse cewa daga cikinta wel ta yau ta fito.

Matsala ta biyu ita ce zane ba ya nuna iyakar ƙashi. A 1983 mujallar Science ta buga a bangonta hoton Pakicetus tana nutso tana bin kifi, da ƙafafu masu kama da filafili, alhali ƙoƙon kai da haƙora kaɗai aka samu a lokacin. Da ƙwarangwal ya fito a 2001, sai aka ga dabba mai dogayen siraran ƙafafu, girmanta kamar na babban kare. Haka zane-zanen farko na Rodhocetus suka ba ta faffaɗar wutsiya tun ba a samu ƙarshen wutsiyarta ba, daga baya ƙafafun da aka tono suka nuna da sawu take tuƙi. Kuskuren ma ya girmi waɗannan. Richard Harlan, wanda ya raɗa sunan Basilosaurus a 1834 daga ƙasusuwan da aka samu a Luwiziyana, ya ɗauka ƙaton ƙadangaren teku ne, ma'anar sunan ke nan, sarkin ƙadangaru. Richard Owen ne ya duba haƙoran a 1839 ya gane dabba ce mai shayarwa, amma dokar raɗa suna ta bar mata sunan farko.

Masu shakka kan ɗauki waɗannan gyare-gyare su ce ilimin da ke sauya magana kowace shekara ashirin ba abin dogaro ba ne. Ƙorafin yana da tushe, domin an sha gabatar da hasashe ga jama'a da muryar tabbas, kuma ɗalibin da aka koya wa zanen 1983 a matsayin gaskiya yana da hakkin ya ji an yaudare shi. Amma ya kamata a lura da abin da ya rushe da abin da ya tsaya. Ƙafar da mai zane ya ƙirƙira ta rushe, dangantaka da masu kofaton Van Valen ta rushe. Kunnen Pakicetus yana nan yadda aka bayyana shi a 1981, gwiwar Basilosaurus tana nan, idon sawu mai kwari biyu yana nan ga duk mai son aunawa. Bugu da ƙari, waɗanda suka yi kuskuren su ne suka tono ƙashin da ya ƙaryata su, suka kuma wallafa shi da sunansu. Da a ce masana suna tanƙwara shaida ta bi son ransu, da idon sawun 2001 ya goyi bayan ra'ayin da suka shekara talatin suna karewa.

Kammalawa

Abin da ƙasusuwa suka tabbatar a taƙaice shi ne wel daga dangin masu kofato take, ta shiga ruwa da ƙafa huɗu a gaɓar Tetis, ta daɗe tana tuƙi da ƙafar baya, ƙugunta ya saki gadon baya kafin wutsiya ta yi faɗi, kuma bugun wutsiyarta sama da ƙasa gadon gudun tudu ne. Yadda kowace dabba ta motsa ƙiyasi ne mai ƙarfi da aka gina a kan kwatance. Launin fata da faɗin tafi da siffar leɓe kuwa aikin mai zane ne. Malami ko marubuci da ya faɗi waɗannan uku a rarrabe ya ba ɗalibinsa abin da sabon tono ba zai kunyata ba.

Nijeriya ma tana da nata misalin na wannan taka-tsantsan. Wajen 1920 Charles Andrews na gidan adana kayan tarihin halittu na Landan ya bayyana muƙamuƙi da haƙoran wata tsohuwar wel daga duwatsun Ameki a kudu maso gabashin ƙasar, ya raɗa mata Pappocetus lugardi, don girmama Lugga. Kashin farko na sunan yana nufin kakan wel. An sanya ta a rukuni ɗaya da Rodhocetus da Peregocetus, kamar Togocetus da aka bayyana a 2014 daga ma'adinan fosfet na Togo, kuma kasancewarsu a gaɓar Afirka ta Yamma ya dace da hasashen cewa ta nan rukunin ya ƙetara zuwa Amurka ta Kudu. Sai dai muƙamuƙi ba ya faɗin yadda mai shi ya yi iyo, sunan kaka kuma raɗi ne kawai. Masu bincike na Jami'ar Mansura a Masar sun bayyana Phiomicetus a 2021 da Tutcetus a 2023 daga hamadar ƙasarsu, da hannunsu da sunan jami'arsu. Duwatsun Ameki na zamanin da ya dace ne, kuma ƙugu da wutsiyar Pappocetus, idan sun tsira, suna jiran wanda zai je ya tono su.